Karatun Baba Kwanso

Ban daɗe da fita takaba ba na shiga aikin tsince ƙarfe. Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ke tuƙa motar da ke kawo tarkace filin, shi ya sa mai filin ya ji nauyin ya ce min babu wuri. Aka ba ni daro biyu, aka nuna min tulin tarkace, aka ce in ware baƙin ƙarfe gefe guda, tagulla gefe guda. Ni kuwa a lokacin duk ƙarfe ƙarfe ne a idona. In ɗauka, in juya, in kankare da farce, in jefa inda zuciyata ta ba ni. Da yamma Mai Sikeli, mai awon abin da aka ware, ya zazzage darona, ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, tsincewa aka ce ki yi ko gaurayawa?"

Washegari ina tsugune, ƙafafuna sun yi tsami, sai wani tsoho ya zo ya dire min 'yar kujera. Ya rage mata ƙafafu daidai tsayin daro. A kanta ya ɗora wani baƙin ƙarfe mai rami a tsakiya, ɗaure da igiya. Maganaɗisu ne ya ciro daga cikin mataccen rediyo.

"'Yar nan, ki tausaya wa farcenki. Duk abin da ya bi wannan, baƙin ƙarfe ne. Wanda ya ƙi bi, shi za ki tsaya ki duba."

Kafin in gama haɗa godiya ya juya. Shi ne Baba Kwanso. Har yau a kan kujerar nan nake zama.

Rumfarsa tana can ƙarshen fili, jikin katanga, inda rana ba ta leƙawa sai bayan azahar. Ƙofar wata tsohuwar mota ya kwantar a kan ganga biyu, ita ce teburinsa. Kayan aikinsa ba su cika tafin hannu ba: gilashin nan da masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido, da wata siririyar waya da ya lanƙwasa kanta, da tsumma. Aikinsa duba kwanson harsashi, wato ɓawon da bindiga ke tofarwa bayan an harba. A shekarun nan abin ya yi yawa a cikin tarkacen da ake kawo mana, har mai filin ya ga dole a sami mai dubawa, don idan harsashi mai rai ya saje ya shiga tukunyar masu narka ƙarfe, ido ko hannun wani ne zai tafi. Duk kwanson da muka tsinta sai ya bi ta hannun Baba kafin ya shiga buhu. Masu rai yana da wata 'yar ganga da yake tara su, mai murfi da kwaɗo, ba ya yarda ko inuwar mutum ta daɗe a kanta.

Abin da aka ɗauke shi ya yi ke nan, ya faɗi mai rai da matacce. Amma shi ba ya tsayawa nan. Kowane kwanso sai ya juya shi a ido, ya shafa, wani ma har ya sansana. Iya Mai Kwalba, wadda ke ware kwalabe kusa da ni, ba ta barinsa ya sha ruwa.

"Boka, yau me aljanun suka ce?"

"Sun ce da baki ake ɗorawa a sikeli, da tuni kin saye filin nan."

"Ka ji min tsoho! Wallahi ba don na tsufa ba, da na gyara maka zama."

"Asirina Allah ya rufa da kika tsufa."

A bakin Iya na ji tarihinsa, gutsure-gutsure, muna aiki. Shekarunsa na ƙarfi duk a ma'ajiyar bindigogin masu gadin gandun daji ya yi su. Da shara da goge-goge ya fara, har ya zama shi ne mai gyara. Kunnensa na hagu ya mutu saboda gwajin bindiga, shi ya sa yake karkata kai idan ana masa magana, wanda bai sani ba sai ya zaci raini ne. Iya ta ce duk zamansa da bindiga bai taɓa auna mai rai ba, ko zomo. Tulin yashi kawai yake harbi, ya tsinci kwanson, ya duba, ya san ciwon bindigar.

Ni ba mai yawan magana ba ce, shi ma haka, ƙila shi ya sa jininmu ya haɗu. Idan na kai masa abin da na tsinta, wani lokaci sai ya ce in dakata. Ya jera su a kan ƙofar motar, yana nuna min da kan wayarsa. Kwanso yana da baki, da wuya, da kafaɗa, da gindi, kamar tulu. A tsakiyar gindin akwai 'yar cibiya, nan allurar bindiga ke duka wuta ta tashi.

"Tagulla ba ta iya riƙe sirri ba," in ji shi. "Da wuta ta tashi sai ta kumbura, ta manne da ɗakin da take kwance a cikin bindiga. Duk abin da ke jikin ɗakin nan sai ta kwaso shi, kamar yadda kumatun mai barci ke kwaso zanen tabarma."

Wanda wuyansa ya tsage, ya ce harsashin ne ya tsufa a ajiya, bindiga ba ta da laifi. Wanda cibiyarsa ta baje, wuta ce ta fi ƙarfinsa. Wanda hayaƙi ya baƙanta har kafaɗa, wuta ce ta gaza, tagulla ba ta buɗe ta toshe hanya ba. Wanda bakinsa ya lotse, a wajen fita ya bugi ƙarfe. Ni da karatuna bai wuce in haɗa baƙi da kyar ba, sai ga ni ina karatu a jikin ƙarfe. Da farko na ɗauka sha'awa ce irin ta tsofaffi, kamar mai kiwon tantabara. Ashe nema yake yi.

Ɗa ɗaya Allah ya bar musu, shi da matarsa Inna, sauran duk sun koma tun suna goye. Yaron a gindin teburin ubansa ya tashi, da ya girma shi ma ya shiga gadin daji. Abokan aikinsa suna ce masa Mai Tsumma, don ko'ina ya zauna tsumma na hannunsa yana goge bindiga. Uban ne ya ɗora shi a kan haka: safe da yamma a goge ɗakin harsashi, a bar shi a bushe ƙarau. Man bindiga na sakata ne, ba na ɗaki ba. Bindigar da aka ba shi tsohuwa ce, irin mai sakata kamar ta ƙofa, wadda ake ja a tura bayan kowane harbi. Ƙugiyarta, wadda ke fizgo kwanso waje, ta taɓa karyewa. Baba da kansa ya ƙera wata, ya gyara bakinta da magagari. Magagarin ya bar ɗan giɓi, don haka duk kwanson da ƙugiyar ta fizgo sai ta bar masa cizo biyu a gefen gindi, dab da juna, ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo. Baba yana ce musu haƙoran ɓera.

Wata damina 'yan bindiga suka faɗa wa sansanin masu gadin a cikin daji. Aka tsinci gawar abokan aikin yaron, aka kawo aka yi musu sutura. Mai Tsumma babu shi, babu bindigarsa, babu ko takalminsa. Aka yi nema har aka gaji. Mutane suka rasa abin da za su yi wa iyayen, jaje ko ta'aziyya, sai dai su ce ya aka ji da haƙuri, su wuce. Ni na san mutuwa, amma tawa na gan ta da idona, na zauna takaba, takaba ta ƙare. Tasu ba ta da ranar shiga, balle ranar fita. Bayan nan ne Baba, wanda ya riga ya ajiye aiki, ya zo da ƙafarsa ya nemi zama a filinmu, don ya ji an ce nan kwanson duk yankin ke taruwa.

Ranar da ya ga na fara gane abu, sai ya zaro wani kwanso daga aljihun da yake sa carbi. Na ranar da ya gwada ƙugiyar ne. Ya miƙo min gilashinsa.

"Me kika gani?"

"Kamar ɓera ya ɗanɗana ya fasa, Baba."

Ya yi murmushi. "Idonki ya fi nawa ƙuruciya. In kin gamu da irinsa, ko salla nake yi, ki jira ni a bakin tabarma."

Aka daɗe. Yawancin kwanson da ke zuwa gajeru ne na baƙin ƙarfe, maganaɗisu na giftawa suke tsalle su manne. Dogaye na tagulla ɗaiɗai ne. Rannan da hantsi wata mata daga ƙauyukan bakin babbar hanya ta kawo buhu, gwangwanaye da fasassun tukwane, da kwanso ƙulle a leda. Na zazzage a daro, na zagaya da maganaɗisu, gajerun suka bi. 'Yan dogaye suka rage a ƙasa suna ƙyalli. Na ɗauki ɗaya na juya gindinsa, sai ga haƙoran ɓera.

Ban kira shi ba. Na je na ajiye a kan ƙofar motar, na koma gefe. Ya maƙala gilashi. Ya duba gindin, ya juya jikin a hankali, ya sake juyawa. Jikin sumul, babu ƙarzuwa, babu ɗigon tsatsa, babu baƙin mai.

"Ƙugiyata ce," ya ce. Can kuma ya ce, "Hannunsa ne. Dubi ɗakin da wannan ya kwana, kamar an wanke shi da sabulu."

Ya sauka daga benci ya kai goshinsa ƙasa, a nan cikin ƙusoshi da fasassun gilasai. Iya Mai Kwalba ta taso tana tafi tana kuka. Mai Sikeli ya bar sikelinsa. Matar da ta kawo buhun tana tsaye tana jiran awo, ba ta san dalilin murnar ba. Baba ya ɗago ya tambaye ta a ina ta tsinto.

"A kwanar dutse mana, inda aka tare motar 'yan kasuwa. Ai ba ku ga wurin ba. Ko mai goyo ba su bari ba. Da aka kwashe mutanen ne muka shiga tsintar abin da ya rage."

Iya ta daina tafi. Ƙurar sujada tana goshin Baba, bai share ba.

Bayan la'asar na kai masa ruwa. Kwanson na jere a gabansa, bai sa su a buhu ba.

"'Yar nan, ke mai yawan addu'a ce, ina ganin leɓenki ba ya zama. Gaya min wacce zan yi. In hannunsa ne, yana raye, kuma yana cikin masu tare mota. In ba ya cikinsu, to ba hannunsa ba ne. In kuwa ba hannunsa ba ne..."

Na ce ƙila tilasta masa aka yi. Na ce ƙila sama yake harbi, don dai a ga ya harba.

"Kwanso yana faɗin inda ya kwana, ba ya faɗin inda harsashi ya tafi. Da yana faɗa, da na huta."

Na ce to ko wani mai tsafta ne ya ɗauki bindigar. Ya girgiza kai. Ya ce kwanson mutanen nan ya gan shi buhu-buhu. Su baƙin man inji suke ɗura wa bindiga har ya tsiyaya, a ganinsu gata suka yi mata. Mai barin ɗaki a bushe, sai wanda aka koya wa. Na ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Ya ce amin, amma da kyar.

Ya kai kwanso ɗaya tsohon wurin aikinsa. Wanda ya gaje shi, Baba ne ya koya masa aiki a da. Mutumin ya duba, ya ce tabbas ƙugiyar ce. Ya ba shi kujera, ya ba shi ruwa, ya ce, "Baba, ni ma na gani. Amma daji ne, ta ina za a fara?" Ya rako shi har bakin titi. A nan maganar ta tsaya.

Ita kuwa Inna da azahar take kawo masa abinci, a kwano ɗaure da ɗankwali. Gajeruwa ce mai saurin tafiya, kullum kamar ta bar tukunya a wuta. Ya miƙa mata kwanson ya ce, "Hannun yaron nan ne." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ta karɓa da hannu biyu kamar an miƙo mata jariri. A gwangwanin madara ta adana su. Daga ranar ta fito da kayan ɗanta daga akwati, duk mako sai ta wanke, ta shanya, ta ninke, wai kada ya dawo ya tarar suna warin ajiya.

"Ɗiyata, ba ki san shi da ƙyanƙyami ba," ta ce min. "Cokalin da na wanke sai ya sake ɗauraye shi a gabana, ko kunya babu."

Abin da na lura da shi, ba ta taɓa tambayar inda aka tsinto su ba. Matar da ko tsintsiya ka saya sai ta ji a wurin wa. Iya Mai Kwalba kuma, wadda magana ba ta kwana a cikinta, ta haɗiye wannan. Idan Inna ta shigo sai ta ɗaga murya fiye da kullum: "Inna, zo ki kwashi tsohonki, ya ishe mu da duba!" Inna ta ce, "Ku riƙe shi, ni ma hutawa nake." A yi dariya, kowa idonsa a kan aikinsa.

Bayan nan suka ci gaba da zuwa jefi-jefi. Wasu daga wata gada, wasu daga gonakin da aka kori masu su. Kowanne da labarinsa, babu mai daɗin ji, kuma kowanne sumul. A nan na ga mutum yana jiran abu yana tsoron zuwansa. In an daɗe ba a samu ba, kwanon Inna haka yake komawa, bai taɓa abincin ba. In an samu ma haka yake komawa, sai dai wani lokaci ya juye wa Mai Sikeli don kada ta gane.

Sai wani abu ya fara fitowa. Sama da gindin kaɗan, wani siririn layi mai haske ya kewaye kwanson, kamar sawun zobe a yatsar wanda ya cire. Baba ya zura wayarsa ciki ya ja a hankali, sannan ya ba ni in ja. Na ji kan wayar ya faɗa wani ɗan kwarmi.

"Sakata ta saki," ya ce. "Tsufa ne, ba rashin kula ba, wannan tsumma ba ya maganinsa. Kowane harbi tagulla sai ta miƙe baya don ta cike gurbin, sai ta sirance a nan. Wata rana za ta rabu biyu. Gindi ya fito, jiki ya maƙale a ciki, wuta ta feso wa mai harbi a fuska."

"To ai gara ta lalace, Baba, bayin Allah su huta."

"Gara ta lalace. Amma idon wa ke bayanta?"

Duk wanda ya zo bayan nan, layin ya fi na baya fitowa. Yakan jera su tsoho da sabo yana kwatantawa, kamar mai duba ciwon da ya san ba ya warkewa.

Da ruwa ya sake sauka aka kawo wasu. Tun kafin in juya gindin na ji bambanci a yatsana. Jikin ya yi kaushi. Haƙoran ɓera na nan, amma kwanson ya yi ɗige-ɗige kamar fuskar mai zanzana, ga dogayen ƙarzuwa daga kafaɗa zuwa gindi, ga baƙin mai a wuya. Na daɗe tsaye da shi a hannu. Tsakanin darona da rumfarsa ba nisa, amma ranar sai na ji kamar garin gaba aka aike ni.

Ya daɗe yana dubawa.

"Tsatsa ta ci ɗakin. Wannan layin kuma yashi ne. Nan," ya nuna gefen gindi inda ƙugiya ta yagi tagulla, "kwanso ya maƙale, aka doki sakata da dutse."

"Damina ce, Baba. Ƙila ba shi da lafiya. Ƙila tsumma ya rasa."

"Da ya yagi rigarsa."

Ya cire gilashin, ya goge shi, ya ajiye. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." A numfashi ɗaya ya faɗe su, ban san wacce ta riga wacce a zuciyarsa ba.

Tsatsa irin wannan ba ta kwana ɗaya ba ce. Hannun ya daɗe da barin bindigar. Ko kashe shi suka yi don ya ƙi wani abu, ko a wajen tare hanya ya faɗi, ko gudu ya yi daji ya cinye shi, wannan tagulla ba ta kwaso ba. Waɗannan kwanson bai ba Inna ba. Da hannunsa ya zuba su a buhun masu narka.

Na ƙarshen da ya zo bai kai gaɓar yatsa ba. Gindi ne kaɗai, ya rabu daidai kan layin nan, bakin yankan baƙi ƙirin da hayaƙi, haƙoran ɓera a gefensa. Baba ya ɗora shi a tafin hannu yana kallo, ko gilashi bai sa ba.

"Ta mutu," ya ce. "Sauran yana maƙale a cikinta, babu mai ciro shi a daji. Jefar da ita za su yi."

Wato labari ya yanke, mai daɗi da marar daɗi. Wannan gutsuren bai jefa a buhu ba, bai kuma kai gida ba. Ni ya damƙa wa.

Ya ci gaba da zuwa, amma karatu ya ƙare. Mai rai da matacce kawai yake warewa, abin da aka ɗauke shi ya yi. Iya ta ce, "Boka, aljanun sun yi yaji ne?" Ya yi murmushi, bai rama ba. Ta dawo wajen kwalabenta tana share ido, tana zagin hayaƙin masu ƙona waya. Hannunsa ya fara rawa, har kwanso ya riƙa suɓuce masa. Da kansa ya je ya ce wa mai filin a ba ni rumfar. Ya bar min gilashi da waya da mabuɗin gangar nan. Sanyi na shigowa ya kwanta, bai ƙara tashi ba. Likita ya duba ya ce tsufa ne. Da hantsi ya cika, Inna tana tsakar gida tana shanya kayan yaron. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Da Inna ta fita takaba sai ta dawo zuwa filin, da azahar kamar da, sai dai babu kwano. Tafiyar ma ta rage sauri. Ta zauna a bencinsa, ta gaida Iya, ta gaida Mai Sikeli, sannan ta juyo.

"Ɗiyata, an samu?"

"Ba a samu ba, Inna."

Gaskiya nake faɗa mata. Tun wancan ba a sake samu ba, ba kuma za a samu ba.

"To madalla. Ya daina ke nan." Ta gyara mayafi. "Ƙila yana hanya. Kin san daji da nisa."

Ranar da ta fara faɗin haka na kasa haɗa ido da ita. Babu wanda ya taɓa gaya mata abin da yake yi, balle ta yi murnar ya daina. Ashe ita ma da nata karatun, ta karanta shi a fuskar mijinta da kwanon da ke komawa. Rabin ta sani. Ɗaya rabin yana hannuna, ƙulle a tsumman Baba, a ƙasan akwatina.

Idan na idar da salla nakan ce Allah ya jiƙan Mai Tsumma a inda yake, a kan ƙasa ko a cikinta, da waɗanda suka faɗi a kwanar dutse da gada. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, sawun hannunsa kawai na sani. Wani lokaci abin yana damuna, don mamaci yana da haƙƙin addu'ar uwarsa, ita kuwa addu'ar matafiyi take yi masa. Sai in ce gobe zan shiga in faɗa mata. Gobe in bi ta layinsu, in leƙa ta saman katanga, in ga igiya. Rigar kakin ta koɗe har rana na ratsa ta, wuyanta ya zare an yi masa faci, wandon na kusa da ita, da safa, da wani tsumma da ta samu a aljihunsa, shi ma wanke shi take yi. Sai in wuce. Jiya ma na bi, suna nan suna ɗigar ruwa.

Ranar da Baba ya damƙa min gutsuren, sai da ya bari kowa ya tafi alwala, sannan ya naɗe shi a tsummansa, ya karkato kunnensa mai ji kamar ni ce zan yi magana.

"'Yar nan, roƙo ɗaya ya rage min a wurinki. Ki riƙe min wannan. Ban ce ki yi mata ƙarya ba. Amma kada ki nuna mata, kada kuma ki koya mata karatun nan. Ki riƙa bi ta ƙofar gidan kina duba igiya. Ranar da kika ga mako ya zagayo babu kayan yaron a kanta, ki shiga ki ba ta, ki faɗa mata yadda na faɗa miki. In kuma ita ta riga igiyar gajiya, Allah ya ɗauke ta, ki jefa shi a tukunyar masu narka."